Hoton da Na Cire Daga Wayar Anti Rifkatu

Ni fa ba ni na kai kaina ba, a fara rubuta wannan tukuna. Ina zaune a shagona a unguwar Shamaki, na ɗora ƙafa a kan benci, fanka na kaɗa ni, ina haɗa wa wata amarya bidiyon kamunta, ba ruwana da kowa. Sai ga Bappa Habu ya faɗo min, ko sallama bai ƙarasa ba, ya riƙo filash da yatsu biyu kamar ya kamo kunama.

Bappa Habu ƙanin babana ne, kuma darakta ne, a bakinsa dai. Fim uku ya taɓa yi a duniya, biyu daga ciki ni kaɗai na kalle su har ƙarshe, shi ma don ni na haɗa su.

"Auwalu, rufe wannan."

"Bappa, na amarya ne fa, gobe za ta aiko."

"Ta aiko jibi. An riga an ɗaura, ba warwarewa zai yi ba."

Na ce masa hannuna cike yake. Ya ce ai ya biyo ta gida ya gaida Dada, kuma ta ce in na yi masa gardama ya kira ta ta ji bakina. Dada ita ce mahaifiyata. Kun ga an gama da ni tun kafin in san laifina.

To ku samarin yanzu da kuke shigo min shago kuna cewa wai canza sikirin ɗin waya a cikin bidiyo ai danna biyu ne, ku ja benci. Zan ba ku labarin daƙiƙa talatin da takwas da suka cinye min kwana tara.

Ni ba a makaranta na koyi aikin nan ba. Ni da makaranta mun rabu a aji biyar na sakandare, ba faɗa ba zagi, kowa ya kama gabansa. Dawunlodin na fara a bakin kasuwa, laima ɗaya, laftof ɗaya mai rabin madannai, ina tura wa mutane waƙa da fim a memori. A nan Oga Emeka ya tsince ni. Ɗan Ibo ne amma haifaffen Gombe, in yana zaginka da Hausa sai ka nemi mai fassara. Yana da situdiyo, yana ɗaukar biki da taron coci. Aikin farko da ya ba ni, bidiyon matan zumunta ne suna waƙa a bakin titi, a bayansu kuma ga allon gidan giya ya fito ɓaro-ɓaro da hoton kwalba. Ya ce in rufe shi da allon shagon ɗinki. Na liƙa, na miƙe ina taƙama. Da aka kunna, kyamara ta matsa, allona ya tsaya a sararin sama shi kaɗai, kwalba ta leƙo tana gaida fasto. Oga ya daki tebur ya ce, "Auwalu, bidiyo tafiya yake yi! Abin da ka liƙa dole ya bi shi duk inda ya je." Ranar na fara jin kalmar tirakin.

Tirakin shi ne ka nuna wa kwamfuta wani ɗan tabo a cikin hoto, ka ce mata bi wannan, kar ki sake shi. Kowace daƙiƙa ta bidiyo hotuna ashirin da biyar ne a jere, muna ce musu firem. Ita za ta bi tabon firem bayan firem, sai ka ɗauko sabon abinka ka ɗaura a kan tafiyar. In waya ce, kusurwa huɗu za ka kama, don waya ba gaba da baya kawai take yi ba, tana karkacewa, tana kwanciya, tana juya maka ƙeya. Daga nan sai haɗi, ka jera abubuwa hawa-hawa, wannan a ƙasa, wancan a sama, har ido ya yarda tare aka ɗauke su. A baki ke nan. A baki kowa ma injiniya ne.

Da gari ya rikice, aka fara jin ƙarar abin nan a tashoshi, madam ɗin Oga ta ce ita kam ta gaji da leƙen hanya kullum yamma tana jiran yara. Suka loda kaya sai gida. Ya bar min kwamfutar, babba mai akwati, da wani ƙaramin janareto mai tari, ya ce in riƙe har ya dawo. Shekarar nan sana'a ta ji jiki. Biki ya koma cikin gida, mutum ashirin, a ci shinkafa a watse. Masallaci a laluba ka, coci a laluba ka. Ka ɗaga kyamara a titi, kafin ka danna wani ya riƙe maka wuyan riga. Ga dokar hana fita, kafin magariba na ja ƙofa. Duk abin da zan yi da rana zan yi shi, da zafinta da komai.

A cikin wannan halin wata ƙungiyar matasa ta ba Bappa aikin ɗan gajeren fim na wayar da kai: in ka ga jaka an ajiye ba mai ita, kar ka taɓa, kira jami'an tsaro. Ya samo Anti Rifkatu, malamar firamare ce 'yar wajen Kaltungo, ta fito a matsayin fasinjar da ta ga jakar. Mai kyamara kuma Malam Dauda, tsohon hannu, tun zamanin kaset yake ɗaukar biki. Shi a wajensa tsayar da kyamara rashin iya aiki ne. In ya danna, sai an tashi taro yake sakewa.

Bappa ya cusa filash ya ce in kalla. Tasha ce, rana tsaka. Kyamara ta taso daga kan jaka, ta zo ta tsaya a bayan Anti. Ga gefen fuskarta, ga na wani dattijon direba, sun haɗa kai, waya a tsakaninsu, tana dannawa suna magana. Duk saƙon fim ɗin a cikin maganar nan yake.

Na ce, "To ai ya yi kyau, Bappa. Har Malam Dauda bai fille kan kowa ba yau."

"Kalli wayar."

Na tsayar, na jawo hoton. Wani mutum ne tsaye cikin kakin 'yan sanda, hula a karkace, igiya uku ta saja a hannun riga, yana murmushi kamar ranar aka ɗaura masa su. Ashe Anti ba kira take yi da gaske ba. Wayarta ta ciro ta kunna, tana ta taɓa gilashin don kar ya mutu, hoton fuskar wayar ya zauna daram daga farko har ƙarshe. Maigidanta ne. Ba wanda ya lura a tasha, rana ta kashe ɗan gilashin kyamarar Malam Dauda. Sai da aka sa a talabijin ɗin Bappa ita da kanta ta gani, ta miƙe tsaye.

Ku ba ku san lokacin ba. Ɗan sanda in zai yi tafiya, kakinsa a ƙasan jaka yake, katin aikinsa a cikin safa. Mijin Anti an tura shi can gabas inda abin ya fi zafi. Ita da yara uku suka kama haya a unguwar Malam Inna, kowa a layin ya san mijinta direban tirela ne, har autarta haka aka koya mata ta faɗa. Yanzu ga ta a fim tana kai rahoto, ga miji da kaki a tafin hannunta.

Washegari suka taru a shagona su uku, Bappa da Anti da Malam Dauda. Na ce a sake ɗauka mana. Bappa ya ce a ina? Bayan sun gama ɗauka da 'yan kwanaki abin ya tashi a wata tasha, yanzu duk tashar da ka je buhunan yashi ne da soja, ka fito da kyamara ka gani. Dattijon direban ma ya koma garinsu. Na ce a yanke wajen. Bappa ya ce in an yanke, fim ya zama jaka a zaune ana kallonta. Malam Dauda ya gyara hula ya ce, "Duk wannan surutu ne. A yi wa wajen dishi-dishi kamar yadda ake yi a labarai, shi ke nan."

Na ce, "Malam, ni na yi dawunlodin. Fim ɗin nan daga talabijin memori zai shiga, daga memori kowace waya a garin nan. Mutumin Gombe in ka rufe masa abu, ranar zai bar aikinsa ya zauna a kai. Zai tsayar, ya jawo, ya kira maƙwabci. Kuma dishi-dishi ba ya ɓoye hula a karkace."

Bappa ya ce gidan talabijin Asabar ta sama za su sa, an riga an yi sanarwa. In na iya, to. In na kasa, dishi-dishin Dauda za a yi.

Anti na zaune a gefe, wayar na hannunta. Sai ta ce, "Malam Habu, in dishi-dishi ne, ni da yarana ba za mu kwana a Malam Inna ranar Asabar ba. Zan cire su a makaranta, in ajiye aikina, mu koma ƙauye." Ta juyo kaina. "Ɗana, za ka iya?"

Ni kuma bakina ba ya jiran kaina. Na ce, "Anti, kwana biyu ma ya yi yawa."

Wayar nan, bari in kwatanta muku ita. Baƙa ce, murfin bayanta ya saki, an ɗaure ta da robar kuɗi ta ratsa tsakiyar gilashi. Ga tsaga ta taso daga kusurwar sama ta gangaro ta yi rassa. Na sa maki huɗu a kusurwoyi, na ce wa kwamfuta bismilla. Ta bi, ta bi, wani wajen ta ɗan yi tangaɗi na gyara da hannu. Na zana sabon sikirin fari tas, na shimfiɗa, na yanko babban yatsan Anti na ɗora a sama. Kwana biyu cif. Na aika a kira su, har lemo na saya wa kaina.

Malam Dauda ne ya fara dariya. "Wannan waya ce ko kalanda aka manna mata? Ina robar? Ina tsagar? Wayar ta je Makka ta dawo ne?"

Gaskiyarsa, amma ban ba shi ba. Na ce ai haka ake yi a ƙasar waje. Ina cikin kare kaina Anti ta ce, "Tsaya. Koma baya." Na koma. "Kaɗan kuma." Na koma firem huɗu. Ta sa yatsa a kan gilashin kwamfuta, daidai inda wani ɗan kamasho ya bangaji Malam Dauda kyamara ta girgiza. Sikirin ɗina ya zame kamar faɗin ƙwayar shinkafa, a gefen ga wani ɗan abu ya leƙo.

"Wannan kafaɗarsa ce," in ji ta. "Ga igiya ɗaya nan."

Ni da na kwana biyu a kan hoton ban gani ba. Ita a gudu ta gani. Ta ɗauki jakarta ta ce bari ta je ta fara haɗa kaya. Na ce Anti ki ba ni zuwa Juma'a. Ta ce, "Ka yi naka, in yi nawa." Malam Dauda yana fita yana ce wa Bappa, da ƙarfi don in ji, "Wasan yara ne, na gaya maka. Danne-danne."

Na goge komai na koma farko. Abin da ya kayar da ni, kusurwoyi na bi, alhali wayar baƙa ce, zanin Anti mai duhu, yatsunta kuma sun rufe kusurwa biyu. Kwamfuta na bin baƙi a cikin baƙi, dole ta ɓata. Sai na tuna allon giya. Oga Emeka ya taɓa nuna min cewa ba gefen allo ake bi ba, ƙusar da ke jikinsa ake bi, don ita ba ta canza kama. Na dubi wayar na ce to ina ƙusarki? Sai ga su: inda tsaga ta rabu biyu, inda ta ƙare, da gefe biyu inda roba ta lanƙwasa ta koma baya. Abubuwan da na shafe don in burge, su ne za su cece ni. Na kafa makina a kansu, tirakin ya kama kamar kaska.

Ban da wajen bangazar. Firem sittin da wani abu, hoto ya zama kunu, ba tsaga ba roba. Nan kam kwamfuta ta ɗaga hannu. Ni na bi da kaina, in ja kusurwa huɗu, in danna gaba, in ja huɗu, in danna gaba. Yini guda a kan daƙiƙa biyu da rabi. Kuma wannan karon na yi wayo. Kafin in ɗora komai, na fara shafe hoton Sajan, mijin Anti, da baƙin fenti har ya ɗan hau kan bakin wayar. Ko da sikirin ɗina zai sake zamewa, baƙi ne zai leƙo, ba kafaɗa ba.

Yatsa kuma wani bala'in ne. Sabon sikirin yana ƙasa, yatsa dole ya hau kansa, to sai ka zagaye yatsan da layi a kowane firem, har da farce, har da inuwarsa. Roba ma haka. Ina cikin yi na lura da wani abu da ya kusa sa ni kuka. Anti ba lamba ta danna ba, waje guda take ta bugawa, sau tara. In na sa mata madannan kira, duk Gombe za ta ga ta kira biyar, biyar, biyar har tara. Na zauna na zuba wa yatsan ido. Can na ce kai, wa ya taɓa kiran waya sau ɗaya ta shiga a shekarar nan? Na zana sikirin mai sunan jami'an tsaro da lambar da ƙungiya ta bayar, na ajiye maɓallin kira daidai inda yatsan ke sauka. Ta danna, ya rubuta babu sabis. Ta sake dannawa, babu sabis. A na tara ya shiga, daidai lokacin da ta ɗaga wayar zuwa kunne. Da Bappa ya leƙo ya gani, ya riƙe baki ya ce, "Ai dama haka na tsara a raina." Na ce na sani, Bappa, a fuskarka na karanta.

Saura tsaga. Tsaga ba ta zanuwa da hannu, na gwada ta fito kamar taswirar ɗan aji uku. Dole in ɗauki ta gaskiya, sikirin a kashe, in ɗora ta a sama. Na kira Anti na ce ta aiko min da wayar awa ɗaya. Ta ce ko minti ɗaya. Sajan ba shi da lokacin kira, sai ya hau wani tudu ya samu sabis, wani lokacin kwana shida shiru. Wayar ko wanka za ta shiga tana kan bokiti.

Na ari kyamarar Malam Dauda, bayan ya yi min wa'azin minti ashirin, na naɗe ta a buhun garin masara na hau keke napep zuwa Malam Inna. Ina shiga falo na ga jakunkuna Gana-mas-go guda uku a jingine, biyu an zuge, ɗaya a buɗe da kayan makarantar yara a sama. Na yi kamar ban gani ba. Muka fita tsakar gida don in samu rana irin ta tasha. Ta riƙe wayar yadda ta riƙe a fim, na ce ta ɗan juya ta a hankali don hasken sama ya gudu a kan gilashin. Daƙiƙa goma nake nema. Ina a ta bakwai sikirin ya kawo haske, ga hula a karkace, waya na ruri.

Ban san mace mai jiki na iya tashi haka ba. Ta shige ɗaki tana cewa "Baban Grace! Baban Grace, kana ji na?" ta bar ni durƙushe da kyamara. Na jira a gindin mangwaro kusan rabin awa. Da ta fito ta sa min tuwo da miyar kuka, ta zauna ta sake riƙe wayar ta ce, "Ɗauka. Ya ce a gaishe ka, na ce masa mai gyaran waya ne." Na ce ai ba ki yi ƙarya ba, Anti.

Ranar Laraba na haɗa hawa-hawan. Baƙin fenti a ƙasa, sabon sikirin, tsaga da hasken sama, roba, yatsa. Na rage farin sikirin ɗin sosai, don waya a rana tsaka da ƙyar ake ganinta. Inda kyamara ta girgiza na girgiza nawa, inda hoto ya yi kunu na dama nawa ya yi kunu. Kyamarar Malam Dauda tana da wani yashi-yashi a hotonta, shi ma na barbaɗa wa sikirin ɗina daidai gwargwado. Wato kwana uku na yi ina gyara abu, yini guda ina lalata shi don ya yi kama da namu.

Sai renda, wato kwamfuta ta dafa duka ta fitar da bidiyo guda. Awa huɗu take so ba katsewa, wuta kuwa tun Litinin ba mu gan ta ba. Lokacin an hana sayar da mai a jarka. Janareton na ɗauka ɗungurungum na ɗora a cinya a cikin keke, muka je gidan mai aka ɗura masa a baki. A shingen dawowa soja ya ce in sauko in tayar da shi ya tabbatar janareto ne. Na ja, ya yi tari. Na ja, ya yi tari. Sojan ya ce da wannan tarin ba abin da zai iya tayarwa, in wuce. Alhamis da la'asar renda ta ƙare, na ja ƙofa kafin a kama ni a hanya.

Juma'a bayan an sauko masallaci suka zo. Na kunna. Daƙiƙa talatin da takwas suka wuce. Na sake kunnawa. Bappa ya fara washe baki. Anti ta ce, "Tashi." Na tashi, ta zauna a kujerata. "Wanne ne ke tafiya ɗaya-ɗaya?" Na nuna mata maɓallin kibiya. Ta sa tabarau, ta matso da fuska har numfashinta na taɓa gilashi, ta fara.

Firem ɗari tara da hamsin ne. Ƙas. Ta duba. Ƙas. Ta duba. Janareto na ta tari a waje. Bappa ya fita ya sha iska ya dawo, tana nan. Da ta iso wajen bangazar ta rage gudu, ta koma baya, ta sake bi, ta koma baya, sau uku. Ni ina tsaye a bayanta na harɗe hannu kamar ba komai, amma rigata ta jiƙe har ƙugu.

Malam Dauda ba ya iya shiru mai tsawo. Ya fara da ƙasa-ƙasa, ya zo ya ɗaga. "Ni fa ban gane ba. Wannan ai hotona ne yadda na ɗauka. Ga robar nan, ga tsagar nan, ga ranar nan. Habu, yaron nan kwana tara ya riƙe mu, ya ari kyamarata ya sa ta a buhun gari, a kan me?"

Na ce, "Malam, da can me ke cikin wayar?"

"Oho, rubutu ka canza. Rubutu kuwa ko mai buga katin biki zai canza maka. Da ana ganin aikin sai in ce an yi aiki. Na farkon ma ya fi, aƙalla mutum ya san an taɓa."

"Na farkon da ka ce kalanda?"

"Kalanda dai ana ganinta! Wannan fa? Ku nuna min inda ya yi aikin. Wallahi na zuba ido tun ɗazu, ni ban ga komai ba."

Bappa zai sa baki, ni ma na buɗe nawa, na tanadi magana mai zafi tun ranar danne-danne. Sai muka ji ƙas na ƙarshe. Anti ta cire tabarau ta ninke, ta sa a jaka, ta miƙe ta gyara ɗankwali. Ta dubi Malam Dauda sama da ƙasa yadda take duban ɗan aji biyu da ya manta littafi.

"Malam Dauda, shekara goma sha shida ina auren mutumin nan, sau ɗari tara da hamsin na neme shi yanzu ban gan shi ba. Kai da ka tsaya a kansa da kyamara rana tsaka ba ka gan shi ba, yau ne za ka ga wani abu? Matsa min, zan je in kwance kaya."